Goggo Ba Ta Yafe Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Goggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji, ta riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta na gidanmu da ke bayan Hubbare a Sakkwato. Da azahar aka kai ta. Kafin la'asar tsakar gida ta cika da mata har ba wurin shimfiɗa tabarma.

Na zauna a bakin ƙofarta ina karɓar gaisuwa, kunnena yana kan abin da ake faɗa. Matan ƙauye da suka saba sauka wurinta in sun zo ziyara sun iso da ƙoren gero a ka, suna kuka na gaskiya. Wata tsohuwa daga wajen Gwadabawa ta ce tun tana budurwa take zuwa birni, ba ta taɓa kwana da yunwa ba saboda Goggo. Masu sayen atamfa a hannunta suka ce ba ta taɓa sayar musu da mai zuba ba. Duk wannan gaskiya ne, na kuma ji daɗinsa.

Sai wata maƙwabciyarmu ta gyara lulluɓi ta ce, "Hajiya mai haƙuri ta. Ba ta riƙon kowa ga zuciya."

Mata suka amsa, "Ƙwarai kuwa."

Ana cikin haka malamar da ta yi mata wanka ta matso kusa da ni, ta tura mini wani abu a naɗe cikin tsumma. A ƙarƙashin matashin kai suka same shi. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɓoye abin ga, ɗiyata. Kada baƙi su gani su ce tsohuwa ta cika da kayan wasan yara ga shimfiɗa."

Ko ban buɗe ba na san ko mene ne. Gem ne na bulo, irin wanda ake riƙewa a hannu.

A zaure kuwa maza ne ke ta shiga da fita, suna durƙusawa gaban Baffa, ƙanen Goggo, autan ɗakinsu. An kawo shi a kujera saboda rabin jikinsa ya shanye. Shi kaɗai ya rage a cikin 'yan'uwanta, don haka shi ke karɓar ta'aziyyarta. Daga inda nake ina jin ana ce masa, "Alhaji, ya haƙuri?" yana amsawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. An binne Goggo a maƙabarta, ba zan bari a sake binne ta cikin yabon da ba nata ba. Goggo mai kyauta ce, mai gaskiya, mai zumunci. Amma tana da riƙo, kuma tana da dalili. Duk wanda ya cire riƙon nan daga labarinta ya cire ɗanta tare da shi.

Doguwa ce, baƙa, mai haƙorin Makka guda a sama. A gida take sana'arta: turamen atamfa a jere a kan wani dogon akwati, kamunta kuwa da hannu take yi, ba ta yarda da tef ba. Sau ɗaya take faɗin kuɗin kaya. In mai saye ta nemi ragi sai ta naɗe zanen ta mayar, ta tambaye ta lafiyar yara. In aka yi mata abin da ba ta so ba ta ɗaga murya. Kallon mutum take yi ta ce, "Na ji, na aje." Mu 'yan gida mun fi tsoron wannan kalma da bulala.

Ita ta goyi Baffa da uwarsu ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Auta take ce masa, shi kuma ya ce mata Adda. Lokacin da kuɗin mai suka cika ƙasa, gari ya cika da tifofi da buhunan siminti, ita ta yi ta kai gwauro tana kai mari har aka ɗauke shi yaron wani ɗan kwangila. Kafin a ankara Baffa ya zama ɗan kwangilar kansa. Ya gina kwalbatoci da katangun makarantu, ya gina bene, ya sayi farar mota mai sanyi a ciki. Duk gwamnan soja da aka kawo, sai ka ga hafsoshinsa a falon Baffa suna cin gasasshiyar kaza. Goggo tana alfahari da shi a lokacin. In ya shigo gidan da babbar riga tana jan ƙasa sai ta ce, "Auta, ɗaga rigar ga, ba ni da mai shara."

'Ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna ƙanana, ban da na fari, wanda nake ce wa Yaya. Da yake ɗan fari ne ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa fara'a a gaban mutane. Mai Shago take ce masa, don yana da ɗan shagon katako a bakin titi a unguwar Gidan Igwai inda yake gyaran rediyo da agogo. Mutum ne siriri mai yawan dariya, kullum da ɗan sukurdireba a bayan kunne.

Shi ya kawo gem ɗin gidan. Wajen 'yan kasuwar da ke shigo da kaya ta Illela ya samo shi. Roba ce mai launin toka, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, da ɗan gilashi kamar kwalin ashana, da maɓallai rawaya a ƙasa. Bulo-bulo ke faɗowa daga sama, kana juya su kana jera su. Layin da ya cika ba kafa sai ya ɓace, in kuwa ka bari suka taru har sama, ka mutu. Da zarar an kunna sai wani siririn kiɗa ya tashi, kamar sauro ya samu sarewa, kuma yana ƙara sauri in wasa ya yi nisa.

Ranar farko Goggo ta leƙa ta ce, "Ƙato da gemu shina wasa da ƙasa cikin gilashi. Allah shi kyauta."

Yaya ya yi dariya, ya bar shi a kan tabarmarta da gangan ya fita. Da na kawo mata fura na tarar ta saka tabarau, ta kama abin da hannu biyu, harshenta a gefen baki. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ke, wanga gurgun ina aka sa shi?"

Kafin sati ya zagayo ta raɗa wa kowane bulo suna. Dogon shi ne taɓarya. Mai kusurwa huɗu akwati. Masu lanƙwasa lauje. Karkatattun nan biyu da ba sa zama ko'ina su ne guragu, kuma har ta mutu ba ta shiri da su. Takan gina gefe guda ta bar rami mai zurfi tana jiran taɓarya, in ta ƙi zuwa ta yi ta yi mata faɗa kamar 'yar aike.

A kusurwar gilashin ta sama akwai lamba. Makin da ya fi kowanne yawa shi ke zama a wurin, ko an kashe an kunna yana nan, har sai wani ya wuce shi. Wannan lamba ta zama abin faɗa tsakanin uwa da ɗa. Ta wuni tana sayar da zane tana wasa har ta ture tasa. Shi kuma ya dawo da yamma, ya ci tuwo, ya ture tata ya miƙa mata ba tare da ya ce komai ba. Mutanen da kunya ta hana su hira, a nan suka samu wurin hira. Ban taɓa jin Goggo ta yi dariya da Yaya ba sai a kan wannan abu. Wata rana ya zauna tun bayan la'asar, kiɗan yana ta gudu har ba a bambance shi, ya kafa wata lamba da ta yi mata nisa ƙwarai. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Na ji, na aje." Wannan karon da murmushi ta faɗa.

A bazarar shekarar aka kafa kwamitin tsabtace gari, aka ce duk wata rumfa da ke bakin titi a rushe. Baffa aka ba aikin kawo katafila da kwashe baraguzai. Ya san ranar da za a shiga Gidan Igwai, ya san shagon ɗan yayarsa yana layin. Bai aiko ba.

Da hantsi suka iso, da katafila da sojoji a bayan mota. Yaya ya roƙi a ba shi lokaci ya fitar da rediyoyin mutane, don amana ce a hannunsa. Aka ƙi. Ya tsaya a ƙofar shagon ya ce ba zai gusa ba. Suka fizge shi, suka sa shi tsallen kwaɗo, suka zane shi da dorina, ɗaya ya sa masa gindin bindiga a kwiɓi. Daga nan suka kwantar da shi rigingine a kan kwalta, a ranar Sakkwato ta bazara, suka ce ya buɗe ido ya kalli sama.

Farar motar Baffa tana tsallaken titi a inuwar dogon yaro, injinta a kunne. Mai shayin da ke kusa da shagon ya ruga ya ƙwanƙwasa gilashin, yana cewa, "Alhaji, ɗan Hajiya na. Ɗanka na aka bugu." Gilashin bai sauka ba. Mai shayin da kansa ya zo ya faɗa mana, ya kuma maimaita a gaban mahaifina.

A amalanke aka kawo Yaya. Ya yi 'yan kwanaki yana fitsarin jini, asibiti suka yi abin da za su iya. Ina zaune a gefensa, Goggo tana tsaye daga bakin ƙofa kamar mai wucewa, ya ce, "Inna, na gane shi. Shi ma ya gane ni. Mun haɗa ido kahin shi juya kai."

Washegari da safe ya cika.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, don ba a yi wa ɗan fari kuka. Baffa ya zo zaman makoki da buhunan shinkafa, yana gaya wa mutane cewa takardu yake dubawa a motar, bai san abin da ke faruwa ba. Da ya shigo cikin gida ya durƙusa ya ce, "Adda, ya haƙuri?" sai ta dubi bango ta ce mini, "Ki ce ma Alhajin mota an gode." Daga ranar ba ta sake ce masa Auta ba, ba ta kuma sake yi masa magana kai tsaye ba sai sau ɗaya.

Bayan an watse ta ɗauko gem ɗin. Lambar Yaya tana nan a kusurwa. Shagonsa ya tafi da duk abin da ke ciki, tufafinsa an yi sadaka da su, bai yi aure ba balle ya bar ɗa. Abin da hannunsa ya yi da ya rage a duniya shi ne wannan lamba. Kullum bayan la'asar sai ta jingina da akwatin atamfa ta kunna, kiɗan ya cika tsakar gida. Yaya ya taɓa nuna mata cewa in aka cire batir aka daɗe, lambar takan goge, amma in aka yi sauri tana tsayawa. Don haka sauya batir ya zama aiki babba a gidanmu. Ta sa a kori yara, ta jera sababbin a cinyarta, ta yi bisimilla, ta sauya cikin ƙiftawar ido. Sai ta juya gilashin ta duba, sannan ta saki numfashi.

Hannunta ya faɗa ƙwarai. Wata rana ina tsaye a bayanta na ga makinta yana hawa, ya kusa cim ma na Yaya. Bakina har ya buɗe zan yi mata barka. Sai na ga ta ɗage manyan yatsunta daga maɓallan. Ta zuba ido bulo suna faɗowa suna hawa kan juna har suka toshe sama. Ta kashe, ta tura ƙarƙashin matashi, ta ce a kawo mata ruwan alwala. Daga baya na lura kullum haka take yi.

Ina gida wankan jego na ɗana na biyu ranar da rediyo ya kama kiɗan soja. Kowa ya san ma'anar wannan kiɗa: an yi sauyi a sama, sai a jira a ji wa ya hau. Babu wuta a gari tun jiya. Goggo ta shiga wanka ta bar gem ɗin a kan tabarma. Sai ga Baffa ya faɗo gidan ba sallama, hularsa a karkace, da 'yar rediyo a hannu. Motarsa ta mutu a layin mai a kusa da mu, rediyon kuma batir ɗinsa ya ƙare ana dab da jawabi. Duk kwangilolinsa suna rataye da abin da za a faɗa.

"Batir," ya ce. "Wa ad da batir cikin gidan ga?"

Idonsa ya faɗa kan tabarma. Ina riƙe da jariri a nono, na ce, "Baffa, kada ka taɓa wannan. Don Allah, Baffa."

Ko kallona bai yi ba. Ya ɓalle murfin da farce, ya zazzage batiran a tafinsa, ya cusa a rediyo, ya jefar da gem ɗin a kan tabarma ya manna rediyon a kunne. Na ajiye yaron yana tsala kuka na shiga ɗaki ina watsa kaya ina neman sababbi. Kafin in samo, Goggo ta fito da ɗaurin ƙirji, ruwa yana ɗiga daga kanta.

Ta dubi murfin a ƙasa. Ta karɓi batiran daga hannuna ta saka da kanta. Kiɗan ya tashi kamar kullum. A kusurwar gilashi babu komai sai sifili.

Baffa ya sauke rediyon ya ce, "Haba Adda, kayan wasan yara na. In saya maki goma gobe."

Ta daɗe tana kallon gilashin. Ba ta ce ta ji ta aje ba. Ta ce mini, "Ki ce ma Alhajin mota ya gama aikinai. Ya kwashe shago, ya kwashe mai shago, yau ya kwashe saura. Shi hita."

Washegari direbansa ya kawo kwali guda na batir da sabon gem a cikin leda. Ta sa aka kai su ƙofar gidan Baffa aka ajiye a kan dakali. Ni kuwa da wautata na ce mata ai ta san lambar da ka, hannunta kuma ya kai, ta sake kafa ta mana. Ta ce, "In na kafa, tawa ta. Tashi nika so." Ta naɗe gem ɗin ta saka a ƙasan wata kwalla ta rufe. Gidan ya yi shiru bayan la'asar, shiru mai tsawo, har yara suka manta da kiɗan.

Dattawan dangi sun zo mata sau da yawa. Limamin unguwa ma ya zo, ya zauna a zaure ya yi mata nasiha ta bayan labule a kan gaba tsakanin 'yan'uwa. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Malam, ban yanke zumunci ba. Iyalinai nawa na. Amma yahiya, sai wanda yaf faɗi abin da yay yi aka yi ma ita. Shi zo shi hwaɗi abin da yag gani ta gilashin mota."

Kuma ba ƙarya ta yi ba a kan iyalinsa. Sauyin nan bai yi wa Baffa kyau ba. Aka ɗauke hafsoshin da ya sani, waɗanda suka zo suna da nasu mutane, aka tono ayyukan da bai gama ba. Motoci suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Duk tsawon wannan lokaci kwanon tuwo bai fasa tafiya daga gidanmu zuwa wurin matarsa ba. Da auren ɗiyarsa ya tashi ba shi da abin yi mata, Goggo ta buɗe akwati ta fitar da turame mafiya kyau, ta cika mata ɗaki da kwalla da tasoshi, ta zauna a matsayin uwar amarya. Yarinyar ta rungume ta tana kuka. Goggo ta ce, "Ke ba ki cikin motar."

Ranar da labari ya zo cewa Baffa ya faɗi a banɗaki, rabin jikinsa ya shanye, ina gidana a unguwar Minanata. Ta aiko in zo in raka ta dubiya. Na tarar ta ci ado, ta sa zanen da take zuwa suna da shi. Dangi suka yi ta murna a ɗakin asibitin da suka ga ta shigo, matarsa har da hawaye, aka ba ta kujera dab da kansa. Baffa yana kwance, bakinsa a karkace, ido kawai ke motsi sosai.

Ta gaida kowa. Ta zauna ta gyara mayafi. Sannan ta sa hannu a jaka ta fito da gem ɗin, ta saka tabarau, ta kunna.

Ban san ta ciro shi daga kwalla ba. Kiɗan nan siriri ya tashi a ɗakin. Ta ƙara masa murya har ƙarshe. Shekarun da ta yi ba ta taɓa shi ba ba su rage mata komai ba, yatsunta suna tafiya kamar jiya ta ajiye. Baffa ya yi ƙoƙarin juya kai bango, wuyan ya ƙi. Ya rufe ido, amma kunne ba ya rufuwa. Matarsa ta ce, "Hajiya, don Allah." Goggo ba ta ɗago ba. Ta yi wasa har kiɗan ya kai saurin da ya kai ranar da Yaya ya kafa lambarsa, ta wuce nan, don yanzu babu wanda take tsayawa dominsa. Da ta mutu a wasan ta kashe, ta mayar jaka, ta miƙe ta ce wa matar, "Allah shi ƙara sauƙi." Muka fito.

A hanya na ce, "Goggo, mutane za su yi magana."

Ta ce, "Su yi. Shi ya zauna cikin sanyi ya kalli ɗana ba shi iya tashi. Ni ma na zauna."

Ban ga laifinta ba a ranar, ban kuma gani ba har yau. Daga nan kiɗan ya dawo gidanmu bayan la'asar, bai sake tsayawa ba sai da ciwo ya kwantar da ita.

Ciwon ƙafa ne ya fara, ya haura. Da jiki ya yi nauyi na dawo gidan gaba ɗaya ina jinyarta. Dangi suka matsa wa Baffa, suka ce in bai zo yanzu ba, ba zai sake samun dama ba. Ana saura kwana kaɗan ta cika, da hantsi, 'ya'yansa suka ɗauko shi a kujera suka ajiye a bakin ƙofar ɗakinta. Maganarsa ta dawo, sai dai da nauyi. Tsakar gida ta cika da masu jiran a yi sulhu.

Na tayar da ita zaune, na jingina ta da ƙirjina. Ta rame har ina jin ƙasusuwan bayanta.

Baffa ya ce, "Adda."

Ta dube shi ido cikin ido. Rabon da ta yi haka tun kafin rasuwar Yaya.

Ya ce, "Adda, ki yahe mani. Batirin nan da nic cire, ban san da abin da ke ciki ba. Wallahi ban sani ba."

Ta jira. Duk muka jira. Ina da yaƙinin da ya ƙara jimla ɗaya, da ya ce ya gani, ya ji tsoron sojan ko ya ji tsoron kwangilarsa, da ta yafe masa nan take, don ta gaji, kuma shi ne yaron da ta goya. Baffa ya sunkuyar da kai yana murza carbi da hannunsa mai lafiya. Bai ƙara komai ba.

Ta ce, "Shi ke nan abin da kaz zo da shi?"

Ya ce, "Shi ke nan, Adda."

"Batir na yahe maka," ta ce. "Na batir ya wuce. Ɗayan kuwa mu uku munka san shi, ni da kai da mai shi. Biyu za su riga ka isa. Muna jira."

Ta ce in kwantar da ita, ta juya fuska bango. Aka ɗauke shi aka fita da shi ta tsakiyar mata.

Wannan ita ce Goggo da na sani. Ya Allah, ka jiƙanta, ka yalwata mata makwanci, ka saka mata da kowace baƙuwa da ta ciyar da kowane maraya da ta goya. Ka haɗa ta da ɗanta a inda babu kunyar ɗan fari, ta kira sunansa da bakinta. Baffa kuwa ba na yi masa mugun fata. Allah ya ja kwanansa, ya bar masa hankalinsa garau, kada ya mantar da shi komai.